Na Shiga Gidan Tarihin Marsandi a Jamus

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yanzun nan na sauko daga jirgin ƙasa a tashar Neckarpark, nan birnin Stuttgart, sanyi kuwa sai ka ce an buɗe firiji. Wancan ginin mai ƙyalli da kuke hangowa a bayana shi ne gidan tarihin Mercedes-Benz, wato Marsandi ɗinmu ta gida. A 2006 aka buɗe shi, hawa tara ne, motocin ciki sun haura 160.

Wani abu ya ɗaure mini kai makon da na fara zuwa ƙasar nan. Na fito daga filin jirgi na ga layin tasi, kusan duk Marsandi, fentinsu ruwan madara. Ni da na tashi a unguwar da in Marsandi ta shigo layi yara ke binta a guje, manya su gyara tsayuwa su ce Alhaji ya dawo! To a nan ita ke ɗaukar fasinja. Tun ranar nake son in zo in ga inda wannan suna ya samo girmansa.

Tsarin wurin shi ne lifta ta kai ka can ƙoli, sai ka riƙa gangarowa, shekaru na tafiya tare da kai. Ƙofa na buɗewa, me za ka fara gani? Doki. Wallahi doki, a tsaye. Wato daga nan aka faro.

Ga irin motar farko nan, ku duba da kyau. Ƙafa uku, tayoyi sirara kamar na keke. Ranar 29 ga Janairun 1886 Carl Benz ya shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙirarta, a garin Mannheim yake aiki. Ƙarfin injin bai kai na doki ɗaya ba, iyakar gudunta kilomita 16 a awa. A wannan shekarar kuma, nan unguwar Cannstatt da ke kusa da mu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora nasu injin a kan keken doki. Kowa na nasa, babu mai taya wani.

Amma ni wadda ta fi burge ni ita ce matar Benz, Bertha. Da dukiyar aurenta aka tallafi aikin tun farko. Mota ta samu, masu saye sun ƙi zuwa, maigida kuma sai ƙara gyare-gyare yake yi. A watan Agustan 1888 ta tashi da asuba, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, ba ta tashe shi ba, ta kama hanyar Pforzheim garin mahaifiyarta, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Babu gidan mai ko ɗaya a duniya lokacin. A wani kantin magani a Wiesloch ta sayi man goge tufafi ta zuba. Bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta zokale shi. Birki ya cinye, ta tsaya wurin baduku ya liƙa masa fata. In suka iso hawa, yaran su sauka su tura. Duk wanda ya taɓa bin tsohuwar mota daga Kano zuwa ƙauye ya san irin wannan tafiya. Da labarin ya bazu ne mutane suka yarda abin nan na iya yin nisa.

Sunan fa? Yawancinmu mun ɗauka sunan mai kamfanin ne. Sunan yarinya ne. Wani attajiri mazaunin Nice a Faransa, Emil Jellinek, ya yi odar motoci 36 daga kamfanin Daimler a 1900, ya sa sharaɗin a raɗa musu sunan 'yarsa Mercédès, wadda ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Motar ta lashe tsere a 1901, suna ya bi ta. Tauraron nan mai tsini uku kuwa yana nufin tudu, ruwa da sama. Kamfanonin biyu, na Benz da na Daimler, ba su haɗe ba sai 1926, da tattalin arzikin Jamus ya matse kowa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Akwai bangon da na tsaya na daɗe ban ɗauki hoto ba. Zamanin Hitler kamfanin ya ƙera injinan jiragen yaƙi, ya kuma yi aiki da dubban mutanen da aka tilasta wa bauta. Ba su ɓoye ba, sun rubuta a fili kowa ya karanta.

Mu sauka. Wannan mai ƙofofi da ke buɗewa sama kamar fukafukin shirwa ita ce 300 SL ta 1954. Akwai 'yar'uwarta 300 SLR, guda biyu kacal aka ƙera masu rufi, aka sayar da ɗaya a 2022 kan yuro miliyan 135. Kada wanda ya ce in juya masa zuwa naira, ba na son ciwon kai. Can kuma ɗakin motocin manya ne, har da wadda aka yi wa Fafaroma a 1980. Ganin su ya tuna mini baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, tana nan a gidan tarihi na Legas da ramukan harsashi.

Duk da haka, in kun tambaye ni, ba waɗannan ne suka gina sunan a wurinmu ba. Motar 911 ce, mai gajeren hanci, da ta yi shekaru tana jan buhunan wake da albasa da shanu daga Arewa zuwa Kudu, har aka kafa masana'antar haɗa manyan motocin a Enugu. Da kuma tsofaffin 200 da 230 da makanikai ke rantsuwa da injinsu. Wani direban tasi ɗan Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da tasa 240D kafin ya miƙa wa kamfanin ita a 2004. Alhajin unguwarmu ma shekara ashirin yana hawa tasa, da ya rasu babban ɗansa ya ci gaba da ita.

To, batirin kyamara ya fara ja, La'asar kuma ta matso, rana ba ta daɗewa a nan lokacin sanyi. Sauran ɓangaren motocin tsere na ƙasa, sai bidiyo na gaba. Ku rubuto mini wace Marsandi kuka fara shiga, kuma ta wane ce.