Fadamar Haɗejia: Idan Ruwa Ya Saɓa Lokaci

Fadamar Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta jihar Jigawa, wani yanki ne na babbar fadamar Haɗejia zuwa Nguru. A 2008 aka sa ta cikin fadamun da duniya ke karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Kifi da tsuntsu da ciyawar da ke nan duk da lokacin ruwa suke rayuwa: yaushe zai hau, wata nawa zai kwanta, yaushe zai janye.

A tsarin da aka saba, kogin Haɗejia da na Jama'are kan cika su malala daga wajen watan Yuli zuwa Satumba. Tarwaɗa da ƙarfasa su bi sabon ruwa su shiga cikin ciyawa su yi ƙwai. 'Ya'yan kifin na bukatar watanni a ruwa marar zurfi, inda abinci ya wadata kuma manyan kifaye ba sa cimma su. To yanzu damina kan makara, ko a yi ruwa mai ƙarfi cikin 'yan kwanaki kamar ambaliyar 2022, sannan a ɗauke. Ruwan da ya zo da gudu yana kwashe ƙwai da sheƙar tsuntsayen da ke ƙasa. Wanda ya janye da wuri kuma ya bar ƙananan kifaye a kududdufi, rana da balbela su gama da su.

Sai zafi. Ruwa in ya ɗumama, iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa: lita ɗaya kan riƙe kusan miligiram 8 a ma'aunin zafi 25, amma a 35 sai ta sauka zuwa kusan 7. Ƙara da ruɓewar ciyawa cikin dare, shi ya sa da asuba za ka ga kifi a saman ruwa yana buɗe baki. Tarwaɗa da gaiwa suna shaƙar iskar waje, sukan jure. Gaiwa ma ta kan shige laka ta kwana har damina ta dawo. Sauran ne ke fara ɓacewa daga komar masunta.

Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna sauka daga Oktoba, su tashi wajen Maris. Kafin su tsallake Sahara dole su tara kitse, kuma abincinsu na bakin laka ne inda ruwa ke janyewa sannu a hankali: tsutsa, ƙwari, 'ya'yan ciyawa da na bado. In fadama ta bushe tun Janairu, da rama za su kama hanya.

Amma a faɗi gaskiya, ba duka laifin sauyin yanayi ba ne. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992, duka a kan kogunan da ke zuba wa kogin Haɗejia ruwa. A shekarun 1960 ruwa kan mamaye sama da murabba'in kilomita 2,000. Bayan madatsun da ƙarancin ruwan sama na shekarun 1970 da 1980, akwai shekarun da ko rabin haka bai kai ba. Kuma ruwan da ake saki da rani ya hana wasu wurare bushewa sam. Abin da kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta kore ciyawar burgu da bado, wani gari ya nutse wani ya rasa ruwa. Bagaruwa, wadda ke jure ambaliyar 'yan watanni, sai ta mutu a tsaye. Tsuntsun jan-baki kuwa ya samu maɓoya, daga nan yake faɗa wa shinkafa da gero.

Ƙona kachala ɓata ashana ne, domin saiwarta na cikin laka, za ta sake tofowa. Kachala tana kai iska zuwa saiwa ne ta cikin ganyenta, saboda haka a yanke ta ƙasa da saman ruwa, kamar taƙi guda, kafin ta fid da kai. A kwashe abin da aka yanka zuwa tudu, kada ya ruɓe ya cinye iskar kifi. Sannan a tabbatar ruwa ya rufe kututturen na makonni. In ya sauka suka leƙo waje, aikin ya tashi a banza. Bayan ta sake tofowa a maimaita yanka sau biyu ko uku, a fara daga bakin hanyar ruwa zuwa ciki.