Wa Ke da Tashar? Lacca kan Raɗe-raɗin Sayar da Gidajen Rediyo da Sauya Shirye-shirye

An gabatar da wannan lacca a gaban ɗaliban aikin jarida da wasu ma'aikatan rediyo a Kano. Daga faifan murya aka kwafo ta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban zama, iyayenmu malamai, abokan aiki, da ku 'ya'yanmu ɗalibai, barkanmu da yamma.

Maganar da aka ɗora mini kowa a ɗakin nan ya san ta. A wayi gari, shirin da aka saba ji bayan labaran safe babu shi, an sa waƙa a gurbinsa. Muryar da aka shekara goma ana ji ta ɗauke, ba sallama. Kafin azahar zance ya gama teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp: an sayar da tashar, wani babba ne ya saya, saboda zaɓe ya saya, za a kori rabin ma'aikata. Wani lokaci ƙarya ce tsagwaronta. Wani lokaci kuma bayan wata uku sai a ga abin ya tabbata.

Mu 'yan jarida mun saba raina irin wannan zance. Ni ba na raina shi. Ruwa ba ya tsami banza. Mai sauraro ya ji canji da kunnensa, ya nemi bayani, ba wanda ya yi masa, shi ya sa ya haɗa nasa bayanin. Idan akwai laifi a nan, na wanda ya ɓoye ne.

Bari mu fara da Amurka, domin can ne wannan ciniki ya kai maƙura. Kafin 1996, doka ba ta yarda kamfani ɗaya ya mallaki tashoshin rediyo fiye da 40 a duk faɗin ƙasar ba. A shekarar aka yi sabuwar dokar sadarwa, aka cire wannan iyaka gaba ɗaya, aka kuma yarda mutum ɗaya ya riƙe har tasha 8 a babban birni guda. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tashi daga tashoshi kusan 40 zuwa kimanin 1,200. To, wanda ya ci bashi ya sayi tasha dubu, me zai fara yi? Zai rage ma'aikata. Sai a zaunar da mai gabatarwa ɗaya a wani birni, ya naɗi muryarsa, a aika wa garuruwa da yawa, yana gaishe da mutanen garin da bai taɓa taka ƙafarsa ba.

Ku ji abin da ya biyo baya a wani ƙaramin gari mai suna Minot, a jihar Dakota ta Arewa. Ranar 18 ga Janairun 2002, cikin tsakar dare, jirgin ƙasa ɗauke da iskar amoniya ya kauce daga layinsa, guba ta lulluɓe unguwanni. Mutum ɗaya ya rasu, ɗaruruwa suka jikkata. Tashoshin kasuwanci 6 na garin duk na Clear Channel ne. 'Yan sanda suka yi ta buga waya tashar da aka ware don sanarwar gaggawa, ba a ɗauka ba, kiɗa kuma yana ta tashi a iska. Adalci ne in faɗa muku cewa kamfanin ya kare kansa, ya ce akwai ma'aikaci a wurin, kuma na'urar sanarwar hukuma ce ta gaza. Amma ko da an karɓi uzurinsa, tambayar tana nan: tasha shida a gari ɗaya, a ce a daren da mutane ke shaƙar guba babu ko ɗaya da ta farka da wuri ta ce musu ku rufe tagogi? Kamfanin nan ya sauya suna zuwa iHeartMedia a 2014, kuma a 2018 ya je kotu neman kariya saboda bashin da ya kai dala biliyan 20.

Sauya salon tasha kuwa, a can ba a yi wa kowa shawara. A Niyok akwai tashar WCBS-FM da ta ɗauki fiye da shekara 30 tana sa tsofaffin waƙoƙi. Ranar 3 ga Yunin 2005, da yamma, aka juya ta zuwa wani salo mai suna Jack FM, aka sallami masu gabatarwar da mutane suka girma da muryarsu. Masu sauraro suka gudu. A Yulin 2007 dole aka dawo da tsohon salon. Saboda irin wannan kwanton ɓauna ne masu bibiyar rediyo a Amurka suka ƙware wajen karanta alamu: su duba sabon adireshin intanet da kamfani ya yi wa rajista, su duba takardun da aka shigar wa hukumar sadarwa, su lura idan tasha ta fara maimaita waƙa ɗaya dare da rana. Ku lura da wannan sosai, ɗalibai. Su ma suna raɗe-raɗi kamar mu, amma nasu yana da takardar da zai jingina da ita, domin duk cinikin tasha sai an shigar da shi a fili kowa ya gani.

Ingila ma ta bi sahu. A 2018 hukumarsu mai kula da gidajen rediyo ta sassauta sharaɗin shirye-shiryen gida, a 2019 kamfanin Global ya rushe shirye-shiryen safe na garuruwa ya maye gurbinsu da na Landan, a 2020 kuma kamfanin Bauer ya haɗe tashoshin garuruwa masu yawa ƙarƙashin suna ɗaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu dawo gida. Mu nan rediyo ta gwamnati muka gada. Iyayenmu Rediyon Kaduna suka sani tun 1962, sai na jihohi. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ce ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta fara a nan Kano a ƙarshen 2003. Wanda ya rayu a lokacin ya san abin da aka ji a jiki: talaka ya buga waya ya faɗi damuwarsa, gari duka ya ji. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce, kuma tsoron kada ta kuɓuce mana ne ya sa na karɓi wannan gayyata.

Taruwar tashoshi a hannu ɗaya ta riga ta iso mu, ko da ba ta kai ta Amurka ba. Cool FM da Wazobia da Arewa Radio gida ɗaya ne. Freedom da Dala FM gida ɗaya ne, ga kuma rassa a Dutse da Kaduna. Ban faɗi wannan don zargi ba. Wani lokaci haɗa tashoshi a inuwa ɗaya ne ke ba su damar raba kuɗin janareta da na injiniya su rayu. Kuma waɗannan an san masu su. Haka Gotel ta Yola, kowa ya san ta Alhaji Atiku Abubakar ce, mai sauraro yana ji yana kuma auna abin da yake ji. Wanda ya fito fili bai dame ni ba. Wanda ya dame ni shi ne wanda ba a gani.

A nan nake so mu daɗe. A ƙasar nan ba kasafai ake sayar da tasha ɗungurungum ba. Lasisi na shekara 5 ne, kuma ba a miƙa shi ga wani sai da yardar NBC. Doka ta kuma hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi. A takarda komai ya yi kyau. Amma tasharmu awa-awa ake sayar da ita. Ku tambayi duk wanda ya zauna a sashen kasuwanci. Dizal da ake sayen litarsa ƙasa da naira 300 a 2021 ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2023. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A ya tashi zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Manyan kamfanonin talla suna Legas, kuma kaso mai tsoka na kuɗinsu ya koma Facebook da YouTube da TikTok. A Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2.6, cikinsu har da na gwamnatocin jihohi, kafin daga baya a dakatar da matakin. Manajan da ke cikin wannan hali, ga albashi ya zo, ga tankin janareta ya kusa ƙafewa, wa zai ƙwanƙwasa masa ƙofa da kuɗi a hannu? Ɗan siyasa da sojojin bakansa. Mai maganin gargajiya da ke warkar da cuta goma da kwalba ɗaya. Sai a ba wannan rabin awa, a ba wancan awa guda. Shirin noma ya matsa zuwa lokacin da manomi ya yi barci. Shirin yara ya mutu. Wasan kwaikwayo, da yake yana cin kuɗi, a daina. Ɗakin labarai ya koma mutum uku masu karanto abin da suka gani a waya. Tamkar maigidan da ya yi ta ba da hayar ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya har ya koma kwana a soro: sunansa ne a takardar gida, amma ba shi ke faɗa a ji a tsakar gidan ba.

Don haka idan mai sauraro ya ce an sayar da tashar, manaja ya fito ya rantse ba a sayar ba, sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa. Lasisi bai motsa ba, amma awannin da jama'a suka fi saurare sun koma hannun wasu. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba kullum ake faɗa wa mai sauraro cewa wannan fili saye aka yi ba. Tsohuwar da ke ƙauye da 'yar rediyonta ba ta da hanyar bambance labarin da ɗan jarida ya tantance da zancen da aka biya kuɗi aka karanta. Ita dai ta ji a rediyo. Wannan amana da ta ba mu ita ce jarinmu, ita muke gutsura muna sayarwa.

Wani zai ce, Malam, tasha kasuwanci ce, mai ita yana da ikon juya ta yadda ya so. Na yarda da rabin maganar. Gini nasa ne, na'ura tasa ce. Amma zangon da yake watsa shiri a kai dukiyar jama'a ce, aro aka ba shi, kuma ba shi da yawa. Wanda aka ba aron abin jama'a, jama'a na da haƙƙin sanin sunansa.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. NBC ta wallafa sunayen masu hannun jarin kowace tasha a inda kowa zai gani, ta kuma sanar duk lokacin da hannun jari ya sauya. Tashoshi su riƙa faɗa, a farkon shiri da ƙarshensa, wa ya ɗauki nauyi, da sunansa, ba a ce wasu masu kishin al'umma ba. Idan za a kashe shirin da ya daɗe, a yi wa jama'a sallama, a faɗi dalili, ko da dalilin rashin kuɗi ne. Mutanenmu suna da uzuri idan aka gaya musu gaskiya.

Ku kuma ɗalibai, akwai aikin da ba sai kun jira kowa ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk mai iko na haƙiƙa a kamfani, kuma tun 2023 hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista ta buɗe rajistar a intanet. Kowannenku ya ɗauki tasha ɗaya, ya nemo sunan kamfanin da ke riƙe da lasisinta, ya duba su wa ke ciki. Sannan ya zauna mako guda da biro da takarda, daga asuba zuwa rufe tasha, ya rubuta awa nawa tashar ta shirya da kanta, awa nawa aka saya, su wa suka saya. Ku haɗa sakamakon ku kawo wa malamanku, a buga shi.

Malam shugaba, na ga an miƙo mini takardar lokaci. Na tsaya nan, a ba masu tambaya dama. Wassalamu alaikum.