Sharhi: Hannun Jarin Sandisk da Saurin Mantuwar 'Yan Kasuwa

Masu sauraro, tun da kamfanin Sandisk na Amurka ya rabu da Western Digital a watan Fabrairun 2025 ya koma cin gashin kansa, kirari kawai muke ji daga bakin masu ba da shawara kan zuba jari. Hannun jarin da aka fara cinikinsa a ƙasa da dala 60 ya haura dala 200 kafin ƙarshen Nuwamba, aka kuma shigar da kamfanin cikin jerin manyan kamfanoni 500 na S&P, sai kowa ya zama malamin duba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake raɗa wa masu ɗan ƙaramin jari cewa wannan hawan ba shi da gangara.

Hujjarsu ɗaya ce: ƙirƙirarriyar basira tana buƙatar manyan cibiyoyin adana bayanai, su kuwa cibiyoyin suna lashe ƙwaƙwalwar ajiya kamar wutar daji. Ban musanta wannan buƙata ba. Amma me Sandisk yake sayarwa? Irin abin da ke cikin memorin waya da filash ɗin da ake soka wa kwamfuta ne, kuma babban mai saye bai damu ba ko Samsung ne ya ƙera, ko SK Hynix, ko Micron. Abin da yake tambaya shi ne nawa gigabait. Duk hajar da ake cinikinta haka, dokar tumatir take bi. Manomin da ya taɓa kai kwando Kwanar Gafan ranar da kowa ya yi ɗiba, ya tsaya yana kallon dillali yana taya masa kuɗin da ko na mota bai kai ba, ya fi wasu masu digirin fahimtar wannan kasuwa.

Ba a daɗe da ganin haka a wannan kasuwa ba fa! A Oktoban 2022 kamfanin Kioxia na Japan, wanda yake haɗin gwiwa da Sandisk a masana'antun Yokkaichi da Kitakami, ya rage abin da yake sarrafawa da kashi 30 cikin ɗari saboda kaya sun yi kwantai. Micron ya tafka asarar dala biliyan 5.8 a shekarar kuɗinsa ta 2023. Samsung, da ya saba taurin kai a irin wannan hali, shi ma ya sassauta ya rage aiki a Afrilun 2023. Wani ɓangare na tsadar ƙwaƙwalwar ajiya da ake yi wa guɗa yanzu daga wancan rage aikin ya samo asali, wato ƙarancin da masu ƙerawar suka haddasa da hannunsu.

Masu cewa kamfanonin sun yi hankali, ba za su sake cika kasuwa da kaya ba, ina jin su, sai dai ban taɓa ganin ɗan kasuwar da farashi ya yi masa daɗi ya naɗe hannu ba. Riba ita ke gina sababbin masana'antu, sababbin masana'antu kuma su ke karya farashi, dokar tumatir ɗin dai. Ga kuma kamfanin YMTC na birnin Wuhan da ke China, mai ƙera irin wannan haja, wanda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba masa a Disambar 2022 bai hana shi faɗaɗa aiki ba.

Mai yiwuwa tsadar ta ƙara ɗaukar lokaci fiye da yadda nake zato, hannun jarin ma ya ƙara tashi. Amma duk dillalin da ya tallata muku Sandisk, ku tambaye shi nawa yake ganin za a sayar da gigabait ranar da waɗannan kamfanoni suka buɗe injinansu gaba ɗaya, sannan ya nuna muku lissafin ribar kamfanin a kan wannan farashi.