Keji Bisa Keji: Ina Zafin Fitilar Ƙasa Yake Tafiya?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan jeri da ke bayana: keji uku, ɗaya bisa ɗaya kamar bene, aikin wani kafinta a nan Sakkwato. Damo ne a hawan sama, tsaka mai kaurin wutsiya a tsakiya, sai ƙaramar mesa a can ƙasa, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Da farko ba haka na jera su ba. Mesar ce a sama, damon a ƙarƙashinta, kuma saura ƙiris in rasa ta.

Cikin watan Afrilu ne na lura ta daina shiga maɓoyarta. Wuni take a kwanon ruwa, da dare kuma ta yi ta goga hanci a jikin gilashi. Na duba na'urar daidaita zafi ta kejinta, na ga ta kashe abin ɗumama tuntuni, sai hankalina ya kwanta. Bayan kwana biyu na ture ƙasar da na shimfiɗa mata, na ɗora tafin hannu a kan katakon. Kamar murfin tukunya. Ashe fitilar damo tana rataye daidai ƙarƙashin wurin. Rufin damo shi ne daɓen mesa.

Dabbobi masu jan ciki jikinsu ba ya haɗa ɗumi kamar na akuya ko kaza, kuma ba sa gumi. Ku kalli ƙadangare da hantsi: ya hau katanga ya sha rana, jiki ya yi zafi ya gangara inuwa, ya sake dawowa. Da ƙafafunsa yake daidaita zafin jikinsa. Shi ya sa kowane keji sai da ɓangaren ɗumi da ɓangaren sanyi. Ita wannan mesa tana son wajen digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salsiyos a gefe ɗaya, 25 zuwa 27 a ɗaya gefen. Shi kuwa damo, dutsen da yake shan ɗumi a kai yakan haura digiri 50 ya ji daɗinsa, amma shi ma sai da inda zai koma ya huce.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. A daji, idan rana ta take, ƙasa suke nema. Kunkurun Sahel rami yake haƙawa mai zurfi, mesa ta shige ramin ɓera ko tsohon suri, domin can ciki ne sanyi yake. Haka Allah Ya halicce su. To a kejin sama, dabbar ta ji zafi, ta tona ƙasa don ta tsira, sai ta tarar da wuri mafi zafi a duk kejin. Maciji kuma ba ya saurin janye jiki daga zafin da ke hauhawa a hankali, yana iya kwanciya a kai har fatar cikinsa ta ƙone.

Ta ina zafin ke bi? Ku matso ku ga wannan tsakanin. Akwai wanda ke ratsawa ta jikin kayan da suka taɓa juna, kamar yadda ludayin ƙarfe ke ƙona hannu idan an bar shi cikin miya, na duma kuwa ba ya yi. Gilashi ya fi katako saurin wuce da zafi kusan ninki bakwai, ƙarfe kuwa ninki ɗaruruwa. Don haka wanda mai walda ya haɗa masa jeri na ƙarfe ya sani ƙafafun nan ma hanya ce. Akwai iska mai zafi, wadda kullum sama take yi, ta fita ta ragar kejin ƙasa ta daki gindin na sama. Sai kuma hucin da ƙwan fitila ke jefawa kai tsaye, irin wanda kake ji a fuska idan ka tsaya kusa da murhun mai tsire. Ƙwan fitila mai zare a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake zama.

Mutane da yawa suna dogara da na'urar daidaita zafi, ni ma na dogara da ita. A gane iyakarta: kashe abin da aka jona mata kawai ta iya. Ba ta sanyaya komai. Ta kejin sama za ta kashe nata abin ɗumama, fitilar maƙwabcin ƙasa kuwa na ci gaba da ci, domin nata ma'aunin yana can ƙasa yana cewa lafiya lau. Kowane keji da tasa na'urar, wannan dole ne, sai dai ba ita ke raba su ba.

Abin da ke raba su tazara ce. Kun ga waɗannan guntayen katako huɗu? Na sa su a kusurwoyi suka ɗaga kejin sama da kamar santimita biyar, faɗin yatsu uku ke nan. Gaba da baya a buɗe suke, iska na shiga tana kwashe zafin kafin ya taru. Na ga masu toshe wannan wuri da kwali ko tsumma wai don kyan gani, ko su mai da shi ma'ajiyar kaya. Kada a yi.

A gindin kejin sama, daga waje, na manna wannan farin soso mai tauri da ake naɗo firji da talabijin a ciki, na lulluɓe fuskarsa ta ƙasa da takardar alminiyom mai ƙyalli. Soson yana tare zafin da ke ratsawa, ƙyallin yana mayar da huci. Amma a kula sosai: wannan soso yana narkewa, yana kuma kama wuta. Kada ya taɓa ƙwan fitila ko murfinta, tazarar iskar nan ta kasance tsakaninsu. Kuma idan kana amfani da tabarmar ɗumama a ƙarƙashin keji, kada ka matse ta tsakanin katako da soso, zafin zai rasa mafita.

Sai jeri. Fitilu duka a gefe ɗaya, ni na zaɓi dama. Idan ka saɓa su, fitilar ƙasa ta faɗo ƙarƙashin ɓangaren sanyin na sama, ka cinye masa inuwarsa ke nan. Mai son zafi ya hau sama, mai son sanyi ya sauka ƙasa. Damo sarkin haƙuri, shi ya fi su jure hawan sama.

Yawancin bayanan da ake samu a intanet mutanen Turai da Amurka suka yi su, inda sanyi ne abin tsoro. Mu a nan, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya zama tanda. Kejin sama na shan zafi daga ƙasa, yana sha daga kwano. A bazara nakan kashe abin ɗumama na mesa da na tsaka gaba ɗaya, in rage wa damo ƙarfin ƙwan fitilarsa, in kunna fanka tana hura tsakanin hawa-hawan. Ranar da aka ɗauke wuta, sauke kejin sama nake yi in ajiye a kan siminti, a ɗakin da randa take. Da hunturu lamarin ya juye: daren Disamba da Janairu kan sauka wajen digiri 15, sai kejin ƙasa ya zama shi ne abin dubawa, musamman da asuba.

Awo kuwa, kada ka tsaya a ma'aunin da ke manne a bango. Ka samu irin mai kama da bindiga da ake haskawa, ka ture ƙasa, ka auna daɓen kansa, a ɓangaren sanyi da cikin maɓoya. Kada ka haska ta bayan gilashi, zafin gilashin zai ba ka. Ka auna bayan sallar asuba, ka sake da la'asar bayan fitilu sun yi awanni suna ci. Sabon jeri kuma a bar shi ya yi kwana biyu ko uku yana aiki babu dabba a ciki.

Idan ka ga cikin macijinka ya yi ja ko ya ɗuri ruwa, ka fitar da shi daga kejin nan take, ka ajiye shi a kan takarda mai tsabta, kada ka shafa masa man ja ko man shanu. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a garin nan, ka kai shi likita ya duba.