Darasin lissafi: 720,720, lambar da kowa ke samun rabonsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma daga nan Agege. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, tun safe aka ɗauke wuta.

Lambarmu ta yau ga ta a allo: 720,720. Ku ajiye kalkuleta tukuna. Cika ce, ba mara ba, wannan ko ɗan firamare ya gani. Abin lura shi ne 720 ta maimaita kanta, kuma duk lamba mai irin wannan zubi, 1001 na cikinta. Wato 720 sau 1001. Ita kuma 1001 ai 7 sau 11 sau 13 ce, ku haddace ta kamar lambar wayarku. 720 kuwa kun iya fasa ta: 2 guda uku... a'a, tsaya, guda huɗu ne, 16 ke nan, bari in goge. Sai 3 guda biyu, sai 5 guda ɗaya. 16 sau 9 sau 5, 720 cif.

Yanzu lambobi nawa ne ke raba ta ba saura? Nan ne na sha kashi lokacin da nake shirin WAEC. Na ɗauki 4 (yawan 2) na ninka da 2 (yawan 3), na rubuta 8, ina ta murna. Dole sai ka ƙara 1 a kan kowanne kafin ka ninka. Me ya sa? Ɗauka ka shiga kasuwar Mile 12, ga kwandon tumatir huɗu. Kana iya sayen ɗaya, biyu, uku ko huɗu, kuma kana iya wucewa ba ka taya ba. Wucewar nan ma zaɓi ce, ita ake mantawa. Haka 2 ɗin nan guda huɗu suke, saboda haka zaɓi biyar ne, ba huɗu ba. Na 3 zaɓi uku, sauran huɗun, wato 5, 7, 11 da 13, kowanne biyu-biyu, in ka ninka su 16 ke nan. 5 sau 3, 15, sau 16, 240.

Babu wata lamba ƙasa da ita mai masu rabawa har 240. Irin waɗannan ne Ramanujan, masanin lissafin nan na Indiya, ya yi dogon nazari a kansu a 1915. Ni abin da ya fi burge ni, ita ce mafi ƙanƙantar lambar da 1 har zuwa 16 duk ke rabawa. A ce ribar motar albasa ce naira 720,720, ko ku 7 ne, ko 13, ko 16, ba wanda zai yi ƙorafin canji. In kun kai 17 ne za a bar naira 5 a faranti.

 Aikin gida: ku nemo lambobi nawa ne ke raba 360,360, rabin 720,720 ke nan. Wanda ya ce mini 120 bai saurare ni ba.