Fam 7,500 Ɗin Nan Na Ingila: Ba Alat Za Ka Ji Ba

[Allo: saƙon WhatsApp, an rufe lambobin waya]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙon da kuke gani a allo sau huɗu aka turo min shi cikin kwana biyu, daga gurup uku daban-daban, wai gwamnatin Birtaniya tana raba fam 7,500 ga duk mai zama a gida saboda sanyi, ka danna nan ka cike sunanka da lambar asusunka. Har wani bawan Allah ya kira ni daga Kano yana tambaya ko zan cike masa da adireshina in kuɗin ya fito mu raba. Kano fa! Garin da in watan Afrilu ya kama ita kanta fanka sai ta nemi mai yi mata fifita.

To kuɗin akwai su, ba ƙarya ba ne. Amma wannan link ɗin kada ka taɓa shi, kuma ka daina leƙa waya kana jiran alat, domin ko sisin kwabo ba zai shiga asusunka ba. Nan ne kowa ke ɓata, kuma nan zan fi daɗewa yau.

[Gidajen jan bulo a jere, hayaƙi na fita ta gefen bango]

Bari in yi sauri da gabatarwa. Mafi yawan gidajen nan da gas ake ɗumama su, wannan farin akwatin da ke maƙale a kicin ko cikin kabad shi ne boila, yana ƙona gas ya tafasa ruwa, ruwan ya zagaya cikin ƙarafan da ke jikin bango, mu dai lagireto muke ce musu tunda sun yi kama da na mota. Gwamnati na so a daina ƙona gas a gidaje, sai ta fito da wani shiri a 2022 mai suna Boiler Upgrade Scheme, na Ingila da Wales ne kawai, hukumar Ofgem mai sa ido kan harkar wuta da gas ita ke riƙe da shi. Da farko fam 5,000 ne in za ka sa na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iska, 6,000 in mai zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa ce. Mutane ba su yi wani rububi ba, sai a watan Oktoba 2023 aka ɗaga duka biyun zuwa 7,500. Daga nan lambar nan ta samo asali.

[Na'urar a bayan gida, fankarta na juyawa]

Ga ta nan. Turawa na ce mata heat pump. In ka gan ta za ka rantse injin AC ne na waje, kuma ba ka yi nisa da gaskiya ba, firij ne aka juya masa baya. Firij na kwashe zafi daga ciki ya watsar waje, ita kuma tana kwaso shi daga waje ta shigo maka da shi ɗaki. Za ka ce wane zafi ne a iskar Janairu a Manchester? Akwai, ɗan kaɗan ne, tana tattara shi ne ta matse. Wuta awo ɗaya in ta sha, tana iya ba ka ɗumi wajen awo uku. Shi ke nan, darasin kimiyya ya ƙare, ku ci gaba da kallon fankar.

[Allo fari, an rubuta 12,000 da hannu]

Yawwa, yanzu ku ajiye komai ku saurara.

A Ingila da Wales ba kai ne kake neman kuɗin nan ba. In sake faɗa? Ba kai ne kake nema ba. Babu wani fom da mai gida zai cike ya aika a ba shi kuɗi. Mai haɗa maka na'urar shi ne yake nema a madadinka, kuma ba kowane mai sifana da farar mota ba, dole ya kasance yana da rajistar MCS, wato shaidar cewa an tantance shi a wannan sana'a. Akwai shafin MCS a intanet, ka sa lambar unguwarku ka ga masu rajista da ke kusa da kai, kyauta ne.

Ga yadda abin ke tafiya. Mutumin zai zo gidanka da tef ya auna ɗakuna, ya duba tagogi, ya leƙa silin, ya lissafa yawan ɗumin da gidan ke zubarwa. Sai ya rubuto maka farashi. A ce misali ya ce aikin gaba ɗaya fam 12,000 ne. A cikin takardar nan dole ka ga layin da ya cire 7,500, ya rage 4,500. Wannan 4,500 ɗin shi ne naka, shi za ka biya daga aljihunka. Shi kuma 7,500 bayan an gama aiki Ofgem za ta tura wa mai haɗawar kai tsaye. Kai ko ƙamshinsa ba za ka ji ba.

Ku ɗauke shi kamar wanda ya je shagon tela da yadi, wani babba ya ce wa telan, ɗinka masa, kaza daga cikin kuɗin ɗinkin a kaina yake. Babban bai ba ka kuɗi a hannu ka je ka sayi tsire ba. In ba ka kai ɗinki ba, babu abin da ka samu.

Saboda haka duk wanda ya kira ka a waya, ko ya ƙwanƙwasa ƙofa da riga mai ƙyalli da katin wuya, ya ce ka ba shi lambar katinka na banki ko ka biya wani kuɗin rajista domin a sako maka tallafinka, ka ce masa Allah ya ba da sa'a ka rufe ƙofa. Me za a yi da lambar asusunka alhali ba can kuɗin za su je ba?

[Waya a hannu, yatsa na gangarawa cikin imel]

Amma akwai abu ɗaya tak da yake wuyanka, kuma wallahi nan ne na ga an yi asara da idona. Bayan mai haɗawa ya shigar da takardu, Ofgem za ta turo maka imel tana tambaya, shin kai ne mai gidan nan, kuma ka yarda wane ya nema da sunanka? Kwana 14 ne da kai ka amsa. In ba ka amsa ba ana iya watsar da neman, sai an koma farko.

Wani abokina, ba zan kama suna ba don yana kallon tashar nan, ya yi komai daidai. Ya samo mai rajista, an auna gida, an yi ciniki, har madam ta fara tunanin me za ta ajiye a gurbin boila. Imel ya zo ya faɗa cikin akwatin tarkace, tsakanin tallan takalma da wani mai cewa ya ci gadon miliyoyi. Ya gan shi kuwa. Ya ga an ce danna nan ka tabbatar, sai ya ce aha, 'yan damfara, ni za a yi wa? Ya goge. Mutumin da duk gurup shi ke yi mana wa'azin kada a danna link, ranar da link ɗin gaske ya zo sai ya goge shi. Sai da mai haɗawar ya kira shi yana tambaya ya ake ciki. Aka sake sabon lale, lokacin kuma mutumin ya riga ya karɓi wasu ayyukan, abokina ya ci sanyin Disamba da tsohuwar boilarsa mai tari kamar tsohon janareto.

To yaya za ka bambance? Da sauƙi. Ranar da mai haɗawa ya ce maka na shigar, daga ranar ka fara leƙa imel har da akwatin tarkace. Na gasken zai zo ne bayan ka riga ka yi magana da wani takamaiman mai haɗawa, ba haka kawai daga sama ba. Ka duba adireshin mai aikowa ya ƙare da .gov.uk. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kira mai haɗawarka ka karanta masa.

Ka amsa, sun duba, sai su fitar da boca, wato takardar alkawarin biyan tallafin. Ita ma tana da wa'adi, wata uku ga mai zuƙowa daga iska, wata shida ga ta ƙarƙashin ƙasa tunda ita sai an yi haƙa a fili. A gama aiki cikin wa'adin, mai haɗawa ya kai boca a biya shi.

[Taswira, kyamara na hawa arewa]

Yanzu 'yan uwanmu na Glasgow da Aberdeen da Dundee, duk abin da na faɗa ku juya shi. Sikotland nata tsarin daban ne, ana ce masa Home Energy Scotland Grant and Loan. Can kai ne da kanka kake nema, za ka fara da tuntuɓarsu su ba ka shawara, sannan ka cike. Tallafin na'urar shi ma har 7,500 ne, in a ƙauye kake ko tsibiri ana ƙara 1,500 ya zama 9,000, kuma akwai bashi a kai har wani 7,500 wanda babu kuɗin ruwa. Na san kunnuwan wasu sun miƙe da jin babu ruwa, nima nawa sun miƙe. Amma bashi ne fa, biya za ka yi. Kuma babban tarkon can shi ne kada ka kuskura a fara aiki kafin takardar amincewa ta iso hannunka a rubuce. Ka fara, ka rasa. Mutum ya ji ɗan uwansa na Birmingham ya ce ai mai haɗawa ne ke yin komai, sai ya saki jiki a Glasgow, a gama aiki ya je neman kuɗi a ce masa ina takardarka.

[Jadawali mai launuka, daga kore zuwa ja]

Sauran da gudu. Gidan ya zama naka ne. In haya kake, kuma mu da yawa haya muke, sai dai mai gidan ya yi, shi ya cancanta, kai ba ka cancanta ba. Gidajen kansul, wato ƙaramar hukuma, da na ƙungiyoyin gidaje ba sa ciki. Sabon gidan da kamfani ya gina ba ya ciki, sai dai wanda mutum ya gina wa kansa. Sai an cire tsohon tsarin gas ko mai ko hitar wuta, ba wai ka ajiye boila a gefe ka ƙara na'ura ba. Akwai kuma wannan takardar mai launuka, EPC, mai nuna yadda gida ke cin makamashi daga A zuwa G, ka sa adireshinka a gov.uk za ka ga taka. Da can in takardar ta ce ka toshe silin ko bango da audugar tsare ɗumi, sai ka yi kafin a ba ka, amma tun watan Mayu 2024 aka cire wannan sharaɗin. Mai ƙona itace ko dunƙulen dusar katako fam 5,000 ne, kuma sai a ƙauyen da bututun gas bai kai ba. In kuɗin shigarka ba su da yawa, ka tambayi kansul ɗinku da kamfanin da ke ba ka wuta, akwai wasu shirye-shiryen toshe gida na masu ƙaramin ƙarfi, wannan bidiyo ne na daban.

[Lagireto, hannu a kansa]

Hotunana sun kusa ƙarewa, don haka ku yi haƙuri da wannan hannun nawa a kan lagireto, bari in faɗi ra'ayina.

An cire sharaɗin toshe gida, amma ni a ganina wanda gidansa ke yoyon iska ta ko'ina ya fara da nan. Zuba ruwa ne a kwando. Na'urar nan ba ta tafasa ruwa kamar boila, ɗumi-ɗumi take bayarwa a hankali tsawon yini, shi ya sa sau da yawa sai an canza wasu lagireto zuwa manya, kuma sai an samo wurin ajiye tankin ruwan zafi, wanda a ƙananan gidajen nan shi kansa rigima ne. Sannan awon wuta a ƙasar nan ya ninka na gas wajen sau huɗu a tsada. Ka lissafa da kanka, tana ba ka uku a kan ɗaya, wuta kuma ta fi tsada sau huɗu, ka ga in an yi maka aikin banza bil ɗinka ba sauka zai yi ba, ƙila ma ya hau. In an auna da kyau, gida a toshe, ka samu tsarin biyan wuta mai sauƙi, to a nan ne ake ganin riba. Duk mai haɗawar da ya ba ka farashi ta waya bai taka gidanka ba, ni dai ba zan ba shi aikina ba. Ka nemi mutum uku ka gwada.

Kuma kada a ɗauka shirin zai zauna har abada. A watan Satumba 2020 an buɗe wani mai suna Green Homes Grant da ganga da algaita, ƙarshen Maris 2021 aka rufe shi, wata shida kacal, mutane na tsaka da neman masu aiki. Don haka ranar da za ka sa hannu a takarda, ka buɗe gov.uk ka duba adadin da sharuɗɗan na ranar, kada ka dogara da bidiyon kowa, har da wannan.

[Komawa kan saƙon WhatsApp na farko]

Wanda ya turo maka wannan saƙon kuma, ka tura masa bidiyon nan. Mutumina na Kano, ka yi haƙuri, ba rabon da za a yi, sai dai in ka shigo hunturu ka zo ka ɗora hannu a lagireto.