Murna Tun Baƙon Yana Hanya

Rifkatu: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Dauda, ga kuma Baba Istifanus. Baba, sannunku da zuwa.

Baba Istifanus: Yauwa 'yata, sannu kadai.

Rifkatu: Mun shiga mako na uku na Adbent, lokacin da ikilisiya ke jiran Kirsimeti. Dauda kuwa tun kafin mu zauna yake ƙorafi.

Dauda: Ai dole. Baba, an haifi Yesu sama da shekara 2000. To me muke jira? Wani lokaci sai in ga kamar wasan kwaikwayo muke yi.

Baba Istifanus: Jiran biyu ne, Dauda. Muna tuna waɗanda suka jira zuwansa na fari, mu kuma muna jiran dawowarsa. Shi ya sa a tsarin Katolika, a farkon lokacin hankali yana kan dawowarsa, sai daga 17 ga Disamba a juya ga labarin haihuwa. Kuma da can ba wasa ba ne, azumi ne. Majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a Tours ta ƙasar Faransa a shekarar 567 ta ɗora wa sufaye azumi a Disamba har Kirsimeti. 'Yan Otodoks har yau kwana 40 suke yi.

Dauda: To ina murnar a nan? Ga azumi, ga tufafi masu launin shunayya.

Rifkatu: Jiya Lahadi ba ka lura da kyandir ɗin da aka kunna ba?

Dauda: Mai ruwan hoda?

Rifkatu: Shi. Kowace Lahadi ta Adbent da kyandirinta a coci, huɗu ke nan. Biyun farko shunayya ne, na ukun ne kawai ya sha bamban, don ranar ce aka keɓe wa murna. Abin da ke burge ni, ba a bari sai ranar 25 ba. A tsakiyar jiran aka dasa ta.

Baba Istifanus: Kuma ku duba daga ina aka ɗauko nassin wannan ranar. Filibiyawa sura 4, inda Bulus ya ce a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, har ya maimaita, ya ce Ubangiji yana kusa. A kurkuku ya rubuta wannan, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. Da mai ƙoshi ne ya faɗa, sai mu ce daɗi ne ya yi masa yawa.

Dauda: Na ji. Amma Baba, akwai mai sauraronmu da ya yi shekaru yana roƙon haihuwa, wata tana jinya, wani ya binne nasa a bana. A ce musu su yi murna, ba ƙarin ciwo ba ne?

Baba Istifanus: In aka faɗa da gatse, ciwo ne. Ni ba na son wa'azin da ke hana mutum kuka. Amma buɗe Linjilar Luka ka ga su wa ke cikin labarin. Zakariya da Alisabatu sun tsufa babu ɗa. Da albishir ya zo cewa za su sami ɗa, Zakariya bai gaskata ba, ya zama bebe har aka haifi ɗan, wato Yohanna Mai Baftisma. Hannatu gwauruwa ce, tsohuwa tukuf, ba ta rabuwa da Haikali dare da rana. Saminu alkawari ɗaya ya riƙe, cewa ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu. Duk cikinsu babu wanda jira bai taɓa ba. Wanda ya yi alkawarin suka sani, shi ya riƙe su.

Rifkatu: Su ma kyandirorin daga gidan yara marasa galihu suka fito. Johann Wichern, mai kula da gidan, shi ya fara a Hamburg ta Jamus, a 1839. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti, sai ya samo ƙafar keken doki ya jera kyandirori a kai, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na Lahadi.

Dauda: Ashe ba ni na fara gajen haƙuri ba.

Baba Istifanus: Kai dai ka fi su gemu ne kawai. Amma jiran ba na naɗe hannu ba ne. Da jama'a suka tambayi Yohanna Mai Baftisma me za su yi, cewa ya yi mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya, masu karɓar haraji kada su wuce abin da aka ƙayyade, sojoji su daina ƙwace, albashinsu ya ishe su. A wasu shekarun wannan ake karantawa a Lahadin murnar.

Dauda: Wato in je in buɗe akwatina ke nan.

Rifkatu: Mu dai za mu tambaye ka mako mai zuwa. Sai kuma mu ɗauko Yusufu mijin Maryamu, mutumin da Linjila ba ta rubuta masa ko kalma ɗaya ba. Baba, mun gode.

Baba Istifanus: Allah ya yi muku albarka.